Abin da ke cikin Duniya da 'yan uwanta: daga Dutsen Kwatarkwashi zuwa dutsen Zagami

Duk matafiyin da ya taso daga Gusau ya nufi Tsafe zai ga Dutsen Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bungudu, tun daga nesa. Masana ilmin ƙasa na kiran irin wannan dutse giranit, kuma sun ce ya daskare ne a can ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce.

Idan aka wuce Tsafe aka shiga ƙaramar hukumar Faskari ta Jihar Katsina, akwai ƙauyen Zagami. A ranar 3 ga watan Oktoba na shekarar 1962 wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo daga sama a gonar wani manomi a wurin. Daga baya bincike ya tabbatar da cewa daga duniyar Mars ya fito.

Tsakanin duwatsun nan biyu tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, ko ma ƙasa da haka. Amma kowannensu na ɗauke da labarin yadda cikin duniyarsa yake.

Duniyoyi huɗu na dutse

Daga cikin duniyoyi takwas da ke kewaya Rana, huɗun da suka fi kusa da ita su ne ake kira duniyoyin dutse, saboda da dutse da ƙarfe aka gina jikinsu. Su ne Makiri, wadda malaman hisabi suka sani da Uɗaridu, sai Benus, wato Zara matar wata, sai Duniyarmu, sai kuma Mars, ko Mirrihu.

Sauran huɗun, irin su Mushtari da Zuhalu, manya ne ƙwarai, amma yawancin jikinsu iska ce da ruwaye, babu ƙasar da za a taka.

Masana sun ce wannan bambanci ya samo asali ne tun farkon samuwarsu, kimanin shekara miliyan 4,567 da suka wuce, lokacin da Rana ke kewaye da gajimaren ƙura da iska. A kusa da Rana zafi ya yi yawa, don haka abin da ya iya daskarewa shi ne ƙarfe da ma'adinan dutse kawai. Can nesa kuwa, inda ake sanyi, ruwa ya zama ƙanƙara, kayan gini suka yi yawa, duniyoyin suka yi girman da suka iya jawo iska suka riƙe.

Sinadaran da ke ciki

Sinadarai na asali sun haura 90 a doron ƙasa, amma huɗu kawai suka haɗa kusan kashi 90 cikin ɗari na nauyin Duniya. Ƙarfe na da kimanin kashi 32, oksijin kashi 30, silikon kashi 15, magniziyam kashi 14. Ragowar sun haɗa da farar wuta da nikel da kalsiyam da alminiyam.

Wani zai yi mamakin jin oksijin a wannan jeri, domin an fi saninsa a matsayin iskar da ake shaƙa. Wanda ke cikin iska ɗan kaɗan ne. Mafi yawansa a ɗaure yake da silikon a cikin duwatsu, har ma kusan rabin nauyin duk wani dutse da mutum zai ɗauka a bakin hanya oksijin ne. Yashin da ake ɗiba a gulbi don yin bulo, silikon ne da oksijin.

Sai dai sinadaran ba su rarrabu daidai ba. A saman ƙasa ƙarfe bai wuce kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari ba, alhali a Duniya baki ɗaya ya kusa sulusi. Tambayar ita ce, ina sauran ya shiga?

Amsar na kama da abin da masu wankin zinariya a rafukan Zamfara suke gani kullum: idan aka jujjuya kwano da ruwa, mai nauyi ya kwanta a ƙasa, mara nauyi ya taso. A farkon rayuwarta Duniya ta yi zafin da mafi yawanta ya narke, saboda karon manyan duwatsu da kuma zafin wasu sinadarai. Narkakken ƙarfe da nikel suka nutse zuwa tsakiya, narkakken dutse ya tsaya a sama. An ƙiyasta cewa wannan rarrabuwa ta kammala cikin 'yan miliyoyin shekaru gomomi na farko.

Ɓawo da tsoka da ƙwallo

Sakamakon haka Duniya ta zama kamar goruba, tana da ɓawo da tsoka da ƙwallo. Daga doron ƙasa zuwa tsakiyarta kilomita 6,371 ne.

Ɓawon shi ne mafi siranta. A ƙarƙashin teku kaurinsa kilomita 5 zuwa 10 ne. A ƙarƙashin nahiyoyi yawanci kilomita 30 zuwa 50, wato kwatankwacin tafiyar Gusau zuwa Tsafe, ko da yake a ƙarƙashin tsaunukan Himalaya yana kai kilomita 70. Nauyinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin Duniya ba.

Daga nan sai tsokar, wadda ta nutsa har zurfin kilomita 2,890, ta kuma ɗauki kashi 84 cikin ɗari na girman Duniya. Dutse ne mai yawan magniziyam da ƙarfe, kuma a sashensa na sama launinsa kore ne. Mutane da dama na zaton narkakkiya ce, saboda suna ganin aman wuta na fitowa daga ƙasa. Ba haka ba ne. Daskararren dutse ne, amma zafi ya sa yana motsi a hankali, 'yan santimitoci a shekara, mai zafi na tasowa, mai sanyi na nutsewa. Wannan motsi ne ke jan nahiyoyi, yana raba su, yana kuma gwara su.

Ƙwallon ya kasu gida biyu. Na waje narkakken ƙarfe ne da nikel, daga zurfin kilomita 2,890 zuwa 5,150. Na ciki kuwa daskararre ne, daga tsakiyarsa zuwa gefensa kimanin kilomita 1,220. Zafinsa ya haura digiri 5,000 a ma'aunin Salshiyos, kusan daidai da na fuskar Rana, amma nauyin da ya danne shi bai bar shi ya narke ba.

Jujjuyawar narkakken ƙarfen nan ita ce ke samar da maganaɗisun Duniya. Allurar kamfas da matafiyi ke duba alƙibla da ita, ƙarfen da ke kusan kilomita 3,000 a ƙarƙashin ƙafarsa take bi. Wannan maganaɗisu ne kuma ke kare Duniya daga ɓurɓushin da ke fesowa daga Rana.

Yaya aka yi aka sani?

Babu wanda ya taɓa ratsa ko da ɓawon. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya haƙa shi ne na Kola, a arewacin tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wanda ya kai mita 12,262 a shekarar 1989. Bai kai nisan Gusau zuwa Bungudu ba. A ƙasansa zafi ya kai digiri 180, har dutsen ya fara yi wa injinan gardama.

Hujja ta farko daga awo ta zo. Tun ƙarni na 11 Albiruni ya auna girman Duniya, ya kuma auna nauyin ƙarafa da duwatsu masu daraja idan an gwada su da ruwa. A shekarar 1798 wani Bature ɗan Ingila, Henry Cavendish, ya gano cewa Duniya ta ninka nauyin ruwa mai girmanta kusan sau biyar da rabi. To amma duwatsun doron ƙasa ba su kai ninki uku ba. Ke nan dole akwai wani abu mai tsananin nauyi a ciki.

Hujja ta biyu, kuma mafi ƙarfi, ita ce girgizar ƙasa. Mai sayen kankana yakan ƙwanƙwasa ta ya saurara kafin ya biya. Haka masana ke yi, sai dai su girgizar ƙasa ce ke yi musu ƙwanƙwasar. Igiyoyin girgiza iri biyu ne ke ratsa cikin Duniya: ɗaya na bi ta dutse da ruwa, ɗayar kuma ba ta iya ratsa abu mai ruwa-ruwa. Idan aka yi girgiza a wani sashe, na'urorin da ke ɗaya gefen Duniya ba sa jin iri na biyu ko kaɗan.

Ta wannan hanya Richard Oldham ya gano ƙwallon a shekarar 1906. A 1909 Andrija Mohorovicic ɗan Kuroshiya ya gano iyakar ɓawo da tsoka. A 1926 Harold Jeffreys ya nuna cewa ƙwallon narkakke ne, sannan a 1936 wata masaniya 'yar Danmak, Inge Lehmann, ta gano akwai wani daskararren ƙwallo a cikinsa.

Hujja ta uku ita ce duwatsun da ke faɗowa daga sama. Wasunsu zallar ƙarfe ne da nikel, ragowar ƙwallon ƙananan duniyoyin da suka farfashe tun da can. Wasu kuma ba su taɓa narkewa ba, suna nan da haɗin kayan da aka fara da su. A nan ya kamata a bambanta su da gatarin aradu da ake tsinta a gonaki. Masu binciken kayan tarihi sun nuna cewa shi wannan gatarin dutse ne da mutanen da suka sassaƙa da hannunsu.

Dutsen da sai a Duniya

Idan aka fasa ɓallin Dutsen Kwatarkwashi, ko na duwatsun da ke kewaye da Tsafe, za a ga ƙwayoyi manya-manya, fari da ruwan hoda da baƙi mai ƙyalli. Girman ƙwayoyin na nuna cewa dutsen ya huce ne a hankali, a zurfin kilomitoci, ba a sarari ba. Ruwa da iska ne suka kwashe ƙasar da ta rufe shi a tsawon miliyoyin shekaru, har ya tsaya a fili.

Ya samu ne a lokacin da tsohon ɓawon Afirka ta Yamma ya gwaru da wanda ke gabas da shi. Karon ya tada tsaunuka, ya narka gindin ɓawon, narkakken dutse ya kutso sama. Masana na kiran waɗannan duwatsu tsofaffin giranit, don bambanta su da na Jos masu kuza, waɗanda shekarunsu ba su wuce miliyan 200 ba.

Ga wanda ya tashi yana ganinsa, giranit ba abin kallo ba ne, tsakuwar gini ake fasawa da shi. Amma a iya abin da aka bincika, Duniya ce kaɗai ke da shi da yawa. Idan tsokar kowace duniya ta ɗan narke, baƙin dutsen da ake kira basal take fitarwa, irin wanda ke tsaunin Biu da kuma ƙarƙashin teku. Shi ne ya rufe mafi yawan Benus da Mars, da baƙaƙen tabon da ake gani a fuskar wata. Kafin a sami giranit mai yawa sai an sake narka basal ɗin, tare da ruwa, ba sau ɗaya ba. Wannan na buƙatar teku da kuma ɓawo mai motsi. Da yake giranit bai kai basal nauyi ba, shi ya sa nahiyoyi suka taso saman teku.

Zinariya da dalma

Zinariya na cikin sinadaran da ke bin ƙarfe duk inda ya je. Don haka lokacin da ƙarfe ya nutse, kusan dukkan zinariyar Duniya ta bi shi zuwa ƙwallo, inda babu mai kai hannu. Masana da dama na ganin ɗan abin da ke ɓawo da tsoka duwatsun sama ne suka kawo shi bayan an gama rarrabuwa. A dutse na yau da kullum, zinariya ba ta wuce 'yan giram a cikin tan dubu ba.

Abin da ya sa ake samunta a Zamfara shi ne karon nan da ya haifi Kwatarkwashi. Ruwa mai tsananin zafi ya ratsa tsagogin duwatsun yankunan Maru da Anka, ya narko zinariya daga wuri mai faɗi, ya ajiye ta a cikin jijiyoyin farin dutse.

Ruwan bai zo da zinariya kaɗai ba. A wasu jijiyoyin ya ajiye ma'adinin dalma da farar wuta, wanda Hausawa suka sani da tozali. Binciken da aka yi bayan shekarar 2010 ya nuna cewa a kusa da doron ƙasa wannan ma'adini ya rikiɗa zuwa wani nau'i da cikin ɗan Adam ke saurin narkarwa.

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya kuma Bagega. Ana kai duwatsun gida ana daka su, ana niƙa su da injin niƙan hatsi, ƙurar na sauka inda yara ke wasa. An ƙiyasta yara aƙalla 400 suka rasu. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar saboda matsalar tsaro, ta kuma ɗage haramcin a watan Disamban 2024.

Da dalma aka auna shekarun Duniya. Yuraniyam, irin wanda ake haƙa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, yana rikiɗa zuwa dalma a hankali, bisa ƙa'idar da ba ta sauyawa. A shekarar 1956 wani Ba'amurke, Clair Patterson, ya auna dalmar da ke cikin duwatsun sama ya sami shekara miliyan 4,550. A cikin aikin ya lura cewa dalma ta gurɓata komai a ɗakin bincikensa, har ƙurar iska, ya kuma shafe sauran rayuwarsa yana fafutukar a cire ta daga man fetur.

Abin da Zagami ya faɗa kan Mars

An kai dutsen Zagami ofishin binciken ma'adinai da ke Kaduna, inda ya yi shekaru. Basal ne, kuma ya daskare kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce. Wannan shi ya fara ɗaure wa masana kai, domin yawancin duwatsun sama sun haura shekara miliyan 4,500. Dole ya fito daga wata duniya mai girman da cikinta ya daɗe da zafi.

A shekarar 1976 kumbon Viking na Amurka guda biyu sun sauka a Mars sun auna iskarta. A 1995 aka sami 'yan kumfar iska a maƙale cikin dutsen Zagami, aka auna, ta yi daidai da waccan. An ƙiyasta cewa wani babban karo ne ya cillo shi daga Mars kimanin shekara miliyan 3 da suka wuce. A 1996 an sanya ɗan ɓallinsa a cikin kumbon Mars Global Surveyor, aka mayar da shi kewayen inda ya fito.

Daga irin waɗannan duwatsu aka fahimci cewa tsokar Mars ta fi ta Duniya ƙarfe kusan ninki biyu, wato ba duka ya nutse ba. Jan launinta tsatsa ce, dangin wadda ta rina marmara da jar ƙasar da ake gini da ita a ƙasar Hausa.

Kumbon InSight ya sauka a Mars a watan Nuwamban 2018 da na'urar jin girgiza, kuma kafin ya daina aiki a Disamban 2022 ya ji girgiza fiye da 1,300. Daga tsakiyar Mars zuwa doronta kilomita 3,390 ne. A 2021 an ƙiyasta ƙwallonta ya ɗauki kilomita 1,830 daga ciki, amma a 2023 wasu bincike biyu suka rage shi zuwa kimanin 1,650, suna cewa akwai shimfiɗar narkakken dutse a kansa. Ƙwallon na da farar wuta da yawa. Mars ta taɓa samun maganaɗisu, tsofaffin duwatsunta na ɗauke da alamarsa, amma ya mutu kimanin shekara biliyan 4 da suka wuce. Ɓawonta kuma guda ne, ba ya motsi.

Makiri da Benus

Makiri ita ce ƙarama, amma kusan duk jikinta ƙarfe ne. Kumbon Messenger, wanda ya kewaya ta daga 2011 zuwa 2015, ya nuna ƙwallonta ya ɗauki kimanin kashi 85 cikin ɗari na nisan tsakiyarta zuwa doronta. Ɗaya daga cikin bayanan da ake yi shi ne wani babban karo ne ya ɗebe mata mafi yawan tsoka.

Benus ta kusa Duniya a girma da nauyi, don haka ana kyautata zaton cikinsu ya yi kama. Amma ba ta da maganaɗisun kanta, ba ta da teku, kuma zafin doronta ya kai digiri 465, wanda ya isa ya narka dalma. Kumbon Venera 13 da 14 na Sobiyet sun sauka a kanta a 1982, suka tona ƙasar suka sami basal. Na farkon ya yi aiki kimanin sa'a biyu kafin zafi ya kashe shi.

A wajen kewayen Rana kuma, an tabbatar da duniyoyi fiye da 6,000 zuwa shekarar 2025. Idan aka san girman ɗaya da nauyinta, ana iya faɗin ko dutse ce ko iska, da lissafi irin na Cavendish. A 2017 aka sanar da gano duniyoyi bakwai masu girma kusa da na Duniya suna kewaya tauraro guda, Trappist-1.

Duwatsun da ke fita

Duwatsun Mars da aka tsinta a Duniya 'yan ɗaruruwa ne, waɗanda aka ga faɗowarsu da ido kuwa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma Zagami ne mafi girman guda ɗaya a cikinsu. Sauran sun haɗa da na Shergotty a Indiya a 1865, da na Nakhla a Masar a 1911, da na Tissint a Maroko a 2011. Najeriya na da wasu duwatsun sama da aka ga faɗowarsu, kamar na Mayo Belwa a 1974 da na Gujba a 1984.

A shekarun 1980 babban kaso na dutsen Zagami ya koma hannun wani ɗan kasuwar duwatsu Ba'amurke, aka yayyanka shi. Ɓallukansa sun bazu a gidajen tarihi da jami'o'i da hannun masu tara kayan tarihi a ƙasashen waje, ana sayar da su giram-giram.

A watan Nuwamban 2023 an tsinci wani dutsen Mars mai nauyin kusan kilo 25 a yankin Agadas na Jamhuriyar Nijar, mafi girma da aka taɓa samu. A watan Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin New York kan dala miliyan 5 da dubu 300. Gwamnatin Nijar ta ce za ta binciki yadda aka fitar da shi daga ƙasar, ta kuma dakatar da fitar da duwatsun sama da duwatsu masu daraja.